Ciwo a ƙafa, matsala a ƙugu: fashin baƙi kan sayatika da ciwon jijiyar baya

Me ya sa mutum zai je asibiti yana kuka da ƙafa, yana nuna bayan cinyarsa da sha-raɓarsa, amma likita ya duba shi ya ce a ƙugu matsalar take? Me ya sa kuma, duk da irin azabar da yake sha, sau da yawa ba a rubuta masa allura, ba a tura shi hoto, sai a ce ya je ya riƙa takawa, ya dawo bayan mako huɗu? Da yawa suna fitowa daga ɗakin likita suna ganin an raina ciwonsu. Daga nan sai kemis, sai mai tallan magani da lasifika a bakin kasuwa, sai wanzami. A majalisa kuwa kowa da sunan da zai raɗa wa ciwon: wannan ya ce sanyi ne, wancan ya ce basir ne ya hau baya, wata ta ce ai wani abu aka tsallaka.

Ciwon yana da sunansa. Likitoci suna ce masa sayatika, Larabawa kuma irƙun nasa, kuma tun ƙarnuka da suka shuɗe Ibnul Ƙayyim ya siffanta shi da ciwon da yake tashi daga mahaɗar kwankwaso, ya gangara ta bayan cinya, wani lokaci har idon sawu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 619 ne suke fama da ciwon ƙugu a shekarar 2020. Sayatika wani yanki ne kaɗan daga cikin wannan adadi, amma shi ne yankin da ya fi firgita mutane, ya fi kuma cinye musu kuɗi a inda bai kamata ba.

## Jijiya, laka da gammon ƙashi

Daga kalmar "jijiya" ruɗanin ya faro. Da ita muke kiran hanyar jini, da ita muke kiran agarar da ta ɗaure tsoka da ƙashi, da ita kuma muke kiran zaren da yake kai saƙo tsakanin ƙwaƙwalwa da gaɓoɓi. Ta ukun ce sayatika ta shafa. Wannan jijiya ba bututun jini ba ce, saboda haka babu wani mataccen jini da ya toshe ta wanda za a zuƙe.

Gadon baya jerin ƙasusuwa ne da aka ɗora wani a kan wani. Biyar ɗin da suke ƙugu su ne mafiya kauri, domin su suke ɗauke da nauyin gangar jiki. Likitoci suna ƙirga su daga L1 zuwa L5, a ƙarƙashinsu kuma akwai faffaɗan ƙashin da ya haɗe da kwankwaso, wanda ake yi wa alama da harafin S. Tsakanin kowane ƙashi biyu akwai faifan guringuntsi da yake aikin gammo. Bayansa yana da tauri, zobe a kan zobe kamar albasa, cikinsa kuma taushi gare shi kamar ɓargo.

Laka tana bi ta wani rami a bayan waɗannan faya-fayan, amma ba ta kai ƙarshen baya ba. A wajen L1 ko L2 take tsayawa. Daga nan zuwa ƙasa sai damin saiwoyin jijiya masu kama da gashin jela, shi ya sa ake kiran wurin wutsiyar doki. Kowace saiwa tana fita ta wata 'yar kafa a gefen ƙashi. Biyar daga cikinsu, wato L4, L5, S1, S2 da S3, suna haɗuwa a cikin kwankwaso su zama jijiya guda mai kaurin babban yatsan hannu, wadda babu kamarta a tsawo da kauri a jikin ɗan Adam. Tana ratsa can cikin mazauni, ta bi bayan cinya, ta rabu biyu a saman bayan gwiwa: reshe ɗaya ya nufi sha-raɓa da tafin ƙafa, ɗayan ya zagayo ta gefe zuwa ƙwauri da saman ƙafa.

Duk wanda ya taɓa buge gwiwar hannunsa a jikin ƙofa ya ji zir a ƙaramin yatsansa ya riga ya san amsar tambayar farko. A gwiwa aka taɓa jijiyar, amma ƙwaƙwalwa ta ɗauka daga yatsa saƙon ya fito. Haka abin yake idan an danne saiwa a ƙugu: a ƙafa za a ji.

## Me yake danne ta?

A kusan tara cikin goma na masu sayatika, gammon ne ya fashe. Zoben waje ya tsage, taushin ciki ya ɓullo ta baya, daidai inda saiwar take wucewa, mafi yawa tsakanin L4 da L5 ko tsakanin L5 da S1. An fi ganin haka a 'yan shekara 30 zuwa 50. Likitoci biyu a Boston ta Amurka, Mixter da Barr, su suka fito da wannan alaƙa fili a 1934. Dannewar kuma ba ita kaɗai ba ce. Abin da ya ɓullo yana ɗauke da sinadaran da suke kumbura jijiya, shi ya sa ƙaramar fashewa take iya haifar da zugin da zai hana babban mutum barci.

A lura da kyau: faifan bai zame daga mazauninsa ba, ƙashi kuma bai goce ba. Babu abin da maɗori zai mayar, babu abin da za a taka da ƙafa ya koma.

Abin da ya fi gajiyar da faifai shi ne haɗuwar abu uku, sunkuyo da murɗa jiki da nauyi. Jarkar ruwa mai lita 25 kilo 25 ce. Buhun siminti kilo 50 ne. Ɗan dako da yake sunkuyawa ya fizgo buhu ya juya ya ɗora a mota, manomi da yake wuni a duƙe da gajeriyar fartanya, uwar gida da take shara da guntuwar tsintsiya, ta yi wanki a sunkuye, ta ja guga, duk a kan faya-fayan nan biyu na ƙasa aikin yake sauka. Direban doguwar tafiya da mai adaidaita sahu kuma zama ne da jijjiga suke cin nasu. Shan taba yana rage abincin da faifai yake samu, ƙiba tana ƙara masa kaya, gado ma yana da nasa kaso. Sau da yawa abin da ya ƙarasa fasa shi bai taka kara ya karya ba: atishawa, ko sunkuyawa a ɗauki buta da asuba.

A wajen dattawa, musamman daga shekara 60, labarin daban ne. Ramin da saiwoyin suke bi ne yake tsukewa a hankali saboda kaurin ƙashi da gaɓoɓi. Alamarsa ba ta ɓuya: tsoho yana tafiya kaɗan ƙafafunsa su yi nauyi su sage, ya nemi dakali ya zauna, bayan 'yan mintuna ya miƙe garau. Yana iya tuƙa keke ya yi nisa, amma tafiya daga gida zuwa masallaci ta gagare shi, domin sunkuyo yana buɗa ramin, miƙewa kuma yana tsuke shi. Wani lokacin kuma ƙashi ɗaya ne yake gusawa gaba a kan ɗan'uwansa, ko wata tsoka a cikin mazauni ta matse jijiyar.

Akwai wani sababi da ya kamata a ce an daina ganinsa, amma har yau yana nakasa yara: allurar ɗuwawu da aka soka a gurbin da bai dace ba. Jijiyar tana kwance ne a ɓangaren ƙasa da tsakiyar mazauni. Idan aka raba mazauni gida huɗu, gidan sama na waje ne kaɗai wurin allura, jarirai da ƙananan yara kuwa a gefen cinya ta gaba ake yi musu. Yaron da aka soki jijiyarsa yakan ƙwalla ƙara ta daban nan take, daga baya a ga ƙafar tana jan ƙasa, a ce shan-inna ce. Duk zazzaɓin da ƙwaya za ta yi wa magani bai kai a miƙa wa wanda bai koyi aikin ba ɗuwawun yaro ba.

## Yadda ake gane shi

Sayatika yawanci ƙafa ɗaya take kamawa. Ciwon ƙafar yakan fi na bayan, yana gangarawa har ƙasan gwiwa, mai shi ya ce kamar ana jona masa wutar lantarki, ko ana zuba masa barkono, ko kiyashi na tafiya a fatarsa. Tari, atishawa, yunƙurin bayan gida da daɗewa a zaune suna tayar da shi.

Inda ciwon ya bi yana nuna saiwar da aka taɓa. Idan L5 ce, yakan bi gefen ƙwauri zuwa saman ƙafa da babban yatsa, mutum ya kasa ɗaga yatsan sama ko tafiya a kan dunduniya, silifas ya riƙa suɓuce masa bai sani ba. Idan S1 ce, yakan bi sha-raɓa zuwa gefen ƙafa da ƙaramin yatsa, ɗage a kan yatsu ya gagara. Wannan ne dalilin da likita yake sa majiyyaci ya cire takalmi ya yi 'yar tafiya a gabansa. Sannan ya kwantar da shi rigingine, ya ɗaga ƙafar a miƙe a hankali. Idan tsakanin digiri 30 zuwa 70 ciwon ya harba har ƙasan gwiwa, saiwar ce take a ɗame. Sau da yawa wannan dubawar ta minti goma ta fi hoto faɗin abin da ake ciki.

Ba duk ciwon ƙafa ne sayatika ba. Ciwon mahaɗar kwankwaso a matse-matsi ake jin sa, yana hana sa wando da tanƙwashe ƙafa, kuma a wajen mai sikila yana iya zama alamar kan ƙashin cinya ya fara mutuwa. Ciwon suga yana sa tafin ƙafa biyu zafi da dindiris tare, musamman da dare. Sha-raɓar da ta kumbura ta yi zafi a gefe ɗaya tana iya zama gudan jini, wannan kuwa na gaggawa ne. Ciwon ƙoda a kwiɓi yake, da zazzaɓi ko zafin fitsari. Basir kuwa kumburin hanyoyin jini ne a dubura. Ba shi da hanyar da zai bi ya hau baya. Abin da ya haɗa su shi ne yunƙurin da mai taurin bayan gida yake yi, wanda yake tayar da duka biyun.

## Alamomin da ba a kwana da su

Idan faifai ya fashe da yawa ya danne damin wutsiyar doki gaba ɗaya, ana maganar sa'o'i ne, ba kwanaki ba. Alamarsa ita ce mutuwar fata a wurin da yake taɓa sirdi, wato tsakanin cinyoyi da al'aura da dubura. Mutane da yawa wajen tsarki suke fara lura, su ji ba sa jin taɓawar ruwa. Sai riƙewar fitsari, ko zubarsa ba tare da an sani ba, ko kasa riƙe bayan gida, ko ciwo da rauni a ƙafa biyu lokaci guda. Wanda ya ga ɗaya daga cikin waɗannan ya nufi sashen gaggawa na babban asibiti a ranar, ko da tsakar dare ne, kuma ya faɗi alamar da bakinsa ba tare da jin nauyi ba. Kunya a nan tana iya jawo wa mutum rayuwa da robar fitsari.

Haka nan ƙafar da ƙarfinta yake raguwa kullum, ciwon da ya biyo bayan faɗuwa ko haɗarin mota, da ciwon bayan da ba ya lafawa ko an kwanta, ga rama, ga zazzaɓi, ga gumin dare. A ƙasashenmu wannan na ƙarshe yana sa a fara tunanin tarin fuka na ƙashin baya, wanda yake cin ƙashi a hankali har ya fito da doro, alhali yana warkewa da ƙwayoyin da ake bayarwa kyauta a cibiyoyin gwamnati, ana sha har wajen shekara guda. Makiyayi ko mai shan ɗanyar madara akwai wata ƙwayar cutar dabbobi da take kama ƙugu. Dattijon da fitsari yake ba shi wahala, ko matar da ta taɓa samun kulli a mama, dole a tabbatar ba daji ne ya bazu zuwa ƙashi ba.

## Maganar hoto

Hoton ƙashi na yau da kullum ba ya nuna faifai, ba ya nuna jijiya. Na'urar MRI ce take nuna su, amma ita ma tana da tarkonta. Wani nazari da aka wallafa a 2015, wanda ya tattara hotunan mutanen da babu abin da yake damun bayansu, ya samu kumburin faifai a kashi 30 cikin ɗari na 'yan shekara 20, da kashi 84 na 'yan shekara 80. Wato yawancin abin da ake rubutawa a takardar sakamako furfurar ƙashi ce. Mutum ya karanta an ce faifansa ya lalace, ya daina sunkuyawa, ya ajiye sana'a, tsoro ya ƙara masa ciwo a kan ciwo.

Hoto yana da amfani idan akwai alamar haɗari, ko ciwon ya haura mako shida bai sassauta ba kuma ana tunanin allurar baya ko tiyata. In ba haka ba, kuɗin ya fi amfani a wajen likitan fisiyo, wato mai jinya ta hanyar motsa jiki.

## Makonni shida na farko

Mafi yawan masu sayatika suna samun sauƙi cikin mako huɗu zuwa shida, wasu har wata uku. Dalilin kuwa jiki yana ɗaukar abin da ya ɓullo daga faifan a matsayin baƙo, ya turo ƙwayoyin da za su cinye shi. An ga haka a hotunan da aka maimaita: kusan biyu cikin uku na irin wannan fashewa suna motsewa da kansu, kuma manyan ma sun fi saurin motsewa. Aikin majiyyaci shi ne ya ratsa waɗannan makonni ba tare da ya yi wa kansa wata sabuwar illa ba.

Kwanciya kada ta wuce kwana ɗaya ko biyu. Bayan haka tsoka tana saki, gaɓoɓi su sandare. A fara tafiya a fili mai laushi, minti 5 zuwa 10, sau uku ko huɗu a rana, ana ƙara minti biyu duk bayan kwana biyu. Zama ya fi tsayuwa matsa wa faifai, saboda haka a miƙe duk bayan minti 20 zuwa 30, a guji kujera mai lotsawa da zaman tabarma da miƙe ƙafa, a cire walat daga aljihun baya. Wajen barci a kwanta ta gefe da matashi tsakanin gwiwoyi, ko rigingine da matashi a ƙarƙashinsu. Wajen tashi a mirgina gefe tukuna, a sauke ƙafafu, a tura jiki da hannu. Sa'ar farko bayan farkawa faifai yana cike da ruwa, ya fi saurin jin rauni, don haka a ɗaga shara da ɗaukar kaya zuwa hantsi.

Ga mai fashewar faifai, motsin da ya fi taimakon mutane da yawa shi ne kwanciya rub-da-ciki na minti biyu ko uku, sannan a ɗago a kan gwiwar hannu, idan an jure a dafa ƙasa a ɗaga ƙirji, kwankwaso yana manne da ƙasa, sau goma, duk bayan sa'a biyu ko uku. Ma'aunin da za a riƙe shi ne inda ciwon yake tafiya. Idan ya janye daga ƙafa ya dawo mazauni ko ƙugu, ana kan hanya, ko da na ƙugun ya ɗan ƙaru. Idan ya ƙara gangarawa ƙasa, a dakata. Dattijo mai tsukewar rami akasin haka yake bukata: ya kwanta rigingine ya jawo gwiwoyi zuwa ƙirji na daƙiƙa 20 zuwa 30. Shi ya sa kwaikwayon motsa jikin da aka gani a waya ba tare da an san irin ciwon ba yake ƙara wa wasu wahala.

Gashi da ruwan ɗumi a roba, a naɗe da tawul, minti 15 zuwa 20, yana sassauta tsoka. Kada a ɗora a fatar da ta mutu, domin za ta ƙone mai ita bai ji ba. A sha ruwa sosai, a yawaita zogale, kuɓewa, miyar kuka da gwanda don bayan gida ya yi laushi. Wanda tsugunno yake gagara ya samu kujera mai rami ya ɗora a kan masai.

Sallah ba ta zama dole a tsaye ga wanda ruku'u yake harba masa ciwo har ƙafa ba. Hadisin Imrana ɗan Husaini da Bukhari ya ruwaito ya ba da damar yin ta a zaune, in an kasa a kishingiɗe.

## Magani: mai taimako da mai cutarwa

Magungunan rage kumburi irin su ibuprofen, naproxen da diclofenac suna ɗan rage zafi har mutum ya iya motsi, ba sa ɗinke faifai. Babba mai lafiya yana iya shan ibuprofen miligiram 400 sau uku a rana, bayan cin abinci, na 'yan kwanaki. Guda ɗaya ake sha daga wannan dangi, ba a haɗa biyu. Mai gyambon ciki, mai ciwon ƙoda ko zuciya, mai hawan jinin da bai daidaita ba, mai shan maganin tsinka jini da mai juna biyu kada su sha sai da izinin likita. Paracetamol kada ya wuce giram 4 a rana, kuma shi kaɗai ba ya yin wani abin kirki a ciwon baya.

Babbar ɓarnar tana cikin ƙullin da ake kira haɗi: ƙwayoyi biyar ko shida a leda, babu suna, babu kwali. Sau da yawa akwai masu rage kumburi biyu a ciki, da dexamethasone ko prednisolone. Mutum zai ji garau kwana biyu, ya koma ya ƙaro. Bayan watanni fuska ta kumbura, suga da jini su hau, ƙashi ya yi rauni, ciki ya fara zubar da jini, ƙoda ta gaza. Wanda ya daɗe yana shan irin wannan kada ya yanke rana ɗaya, likita ne zai rage masa a hankali.

Tramadol yana kama mutum, yana taurara bayan gida, yawansa yana jawo farfaɗiya. Pregabalin, da ake rubutawa da sunan maganin jijiya, an gwada shi a Ostireliya a kan masu sayatika 209, sakamakon ya fito a 2017: bai fi ƙwayar da babu magani a cikinta ba, sai ƙarin jiri. A 2020 hukumar NICE mai tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ta ce kada a bayar da shi ko gabapentin ko diazepam ko ƙwayoyin dangin prednisolone don sayatika. Allurar bitamin B ba ta buɗe saiwar da aka danne, yawan B6 ma da kansa yana lalata jijiya. Bel ɗin ƙugu da jan baya da na'ura kuwa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a bar su, a ƙa'idojin da ta fitar a 2023 kan daɗaɗɗen ciwon baya.

Tausa mai sauƙi tana sanyaya tsoka, babu laifi. Ƙaho yana iya sa a ji sassauci na ɗan lokaci, amma fata yake taɓawa, saiwar kuwa tana can ƙarƙashin tsoka da ƙashi. Tsaga da sakiya suna barin gyambo, aska ɗaya ga mutane da yawa kuma hanyar ciwon hanta ce. Taka baya da murɗe shi da ƙarfi ga wanda tarin fuka ko daji ya cinye wa ƙashi yana iya zama sanadin shanyewar ƙafafu. Galibi ana yabon abin da aka yi a mako na biyar ne, lokacin da ciwon dama ya kama hanyar tafiya.

## Allurar baya da tiyata

Idan ciwon ya yi tsanani ya ƙi lafawa, ana iya zuba maganin kumburi kusa da saiwar, da jagorancin na'urar hoto. Yana ba da sauƙi na makonni, ba ya canza ƙarshen lamarin, kuma yana ɗaga suga na 'yan kwanaki.

A kan tiyata mutane sun kasu biyu, masu gudunta ko ana mutuwa, da masu neman ta tun mako na biyu. Wani gwaji da aka yi a Holan, aka wallafa a 2007, ya raba masu sayatika 283 da suka yi mako 6 zuwa 12 suna ciwo: rabi aka yi musu aiki da wuri, rabi aka ci gaba da jinya. Waɗanda aka yi wa aiki sun fi saurin samun sauƙi. Bayan shekara guda kuwa kusan kashi 95 cikin ɗari na kowane ɓangare sun warke, ko da yake kusan huɗu cikin goma na masu jira sai da aka yi musu aikin daga baya. Ke nan tiyata gajarta wahala take yi. Ga leburan da iyalinsa suke ci daga guminsa, wata uku na zaman gida ba ƙaramin abu ba ne, kuma wannan hujja ce da ya dace a saurara. Ga wanda ciwonsa yake raguwa mako bayan mako, jira ya fi.

A aikin ana yin 'yar ƙaramar tsaga ne a cire gutsuren da ya danne saiwar, ba a cire faifan duka. Laka ba ta kai wannan wurin ba, saboda haka shanyewar da ake tsoro ba kasafai take faruwa ba, amma akwai yiwuwar ƙwayar cuta ta shiga, ko rigar jijiyoyin ta yage, kuma kusan mutum ɗaya cikin goma faifansa yakan sake fashewa. Aikin ya fi maganin ciwon ƙafa a kan na baya. Inda babu zaɓi shi ne dannewar wutsiyar doki da raunin ƙafa mai ƙaruwa. Asibitin Ƙashi na Dala a Kano da asibitocin koyarwa na Kano, Zariya da Sakkwato suna da likitocin da suke duba irin wannan, da sashen fisiyo.

## Bayan an samu sauƙi

Ciwon yana son dawowa, kuma abin da aka tabbatar yana jinkirta shi ba mai tsada ba ne. A wani gwaji na Ostireliya da ya fito a 2024, mutanen da suka warke daga ciwon ƙugu aka ɗora su a kan tsarin tafiya a kai a kai sun kai kimanin kwana 208 kafin ya dawo, sauran kuwa kwana 112. Wajen ɗaukar kaya a matso da shi jikin ciki, a lanƙwasa gwiwa, a juya da ƙafa ba da ƙugu ba. Jarka biyu masu lita 10 a hannu biyu sun fi ɗaya mai lita 25 a hannu ɗaya. A ƙara wa tsintsiya da fartanya tsawon ƙota, a ɗora bahon wanki a kan benci, direba ya tsaya ya taka duk bayan sa'a ɗaya ko biyu.

Alamomin ba sa tafiya tare. Zugi ne yake fara barin mutum, ƙarfi ya biyo baya a cikin watanni, dindiris ɗin yatsa ko gefen ƙafa kuwa yakan daɗe, domin jijiyar da ta ji rauni kimanin milimita ɗaya take tsirowa a rana. Wanda ƙafarsa take jan ƙasa akwai takalmin roba mai tallafe idon sawu da ake auna masa a sashen fisiyo don kada ya riƙa tuntuɓe. Idan wurin da ya mutu yana nan yadda yake ko yana tsukewa, a ci gaba da motsa jiki. Idan yana faɗaɗa, a koma asibiti a makon, in kuwa ya tsallaka ɗaya ƙafar, a koma a ranar.